Yadda Ake Riƙe Anemoni a Tankin Ruwan Gishiri Ba Tare da Asara Ba

Tambayar da masu sha'awar kiwon halittun teku suka fi yawan yi mini ita ce: yaushe zan sa anemoni a tankina, kuma yaya zan yi kada ya mutu? Wasu kuma sai bayan ɓarna ta auku suke zuwa, ruwa ya yi fari fat kamar an zuba madara, kifaye suna haki a saman ruwa. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in jera matakan bi da bi, yadda nake bin su da kaina.

Abu guda nake so ka riƙe kafin mu fara. Anemoni kamar fure yake a ido, amma dabba ce, kuma dabba mai tafiya. Yana da tafin ƙafa guda ɗaya da yake mannewa da shi a jikin dutse, yana da baki a tsakiya, da yatsu masu harbi kewaye da bakin. Murjani, wato halittar teku mai rai da ake kafawa a jikin dutse a tanki, inda ka kafa shi nan zai zauna. Shi kuwa anemoni, in wuri bai yi masa ba, cikin dare zai saki dutsen ya kama hanya. Kusan duk wata asara da ake yi a wannan harka daga wannan tafiyar take farawa.

Mataki na 1: Bari tankin ya nuna

Kada ka sa anemoni a tankin da bai kai wata shida da kafawa ba. In za ka iya jira har wata tara ko shekara guda, ya fi. Na san wannan maganar ba ta yi wa mutane daɗi, domin da zarar amoniya da naitirait, sinadarai masu guba da dattin kifi ke haifarwa a ruwa, sun sauka zuwa sifili a makonnin farko, sai mutum ya ɗauka komai ya kammala. Kifi zai iya jure sabon tanki. Anemoni ba ya iyawa, saboda jikinsa kusan duk ruwa ne, yana zuƙar ruwan tankin ya kumbura, ya fitar ya saɓe, kullum. Duk abin da ya canza a ruwan, a cikin jikinsa ya canza.

Alamar tanki ya nuna ita ce ka auna ruwa mako bayan mako ka ga lambobin ba sa tsalle, gansakukar nan mai ruwan ƙasa da ke rufe yashi a watannin farko ta wuce, kuma ɓawon gansakuka mai launin shunayya ya fara bin duwatsu da gilashi. Kai ma a wannan lokacin hannunka ya faɗa, ka san tankinka.

Game da girma, lita 120 ita ce mafi ƙanƙantar da nake ba da shawara ga nau'in da ya fi sauƙi. Ruwa mai yawa ya fi jinkirin lalacewa, kuma ranar da matsala ta zo, wannan jinkirin ne zai ba ka damar ceto sauran halittun.

Mataki na 2: Daidaita ruwa

Ga lambobin da za ka nufa. Nauyin gishiri 1.025 zuwa 1.026, wato giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwa, kamar na teku. Zafi digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Selshiyos. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, tsakanin 8.1 da 8.4. Amoniya sifili, naitirait sifili. Naitiret, wanda naitirait ke rikiɗewa ya zama, kada ya wuce 10 a ma'aunin ppm (kashi cikin miliyan), fosfet kuma ya tsaya tsakanin 0.03 da 0.1. Alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana pH tsalle, 8 zuwa 9 a ma'auninsa na dKH.

Lura da cewa ban ce naitiret da fosfet su zama sifili ba. A cikin naman anemoni akwai wasu ƙwayoyin gansakuka 'yan mitsi-mitsi da suke sarrafa haske su ba shi abinci, su ne kuma suke ba shi launin ruwan ƙasa ko kore. Waɗannan ƙwayoyin suna bukatar ɗan abin da za su ci a ruwa. Ruwan da aka tace har ya zama ba komai a cikinsa yana koɗar da anemoni.

Gishiri da rifiraktomita ake auna shi, a kuma riƙa saita na'urar da ruwan gwajinta lokaci-lokaci. Ma'aunin roba mai allura yana yaudara, kumfa ɗaya ta maƙale a allurar sai ya ba ka lamba ta ƙarya.

Gargaɗi: ruwan da ya tashi ya bi iska, ruwa ne zalla, gishirin yana nan a tanki. Saboda haka da ruwa marar gishiri ake cike gurbinsa, wanda ya bi ta na'urar tacewa ta RO/DI. In ka cika da ruwan gishiri, kullum gishirin ƙaruwa zai riƙa yi. Kuma kada ka bari sai ruwan ya ragu sosai sannan ka kwarara bokiti guda. Kaɗan-kaɗan kullum, ko ka sa na'urar da ke cikawa da kanta.

Gargaɗi na biyu, kuma babba: jan ƙarfe guba ne ga anemoni. Yawancin magungunan da ake yi wa kifi na ciwon fararen ɗigo da sinadarin jan ƙarfe ake haɗa su. Tankin da aka taɓa zuba irin wannan magani, duwatsunsa da yashinsa sun sha, kuma za su riƙa sakinsa a hankali. Kada ka sa anemoni a ciki.

Mataki na 3: Rufe duk abin da zai iya zuƙe shi

A nan zan daɗe, domin nan ne na taɓa yin asara mafi zafi.

Anemonina na farko ya yi wata huɗu a wuri ɗaya, a wani lungun dutse, bai motsa ba. Na saki jiki. Wata rana na sauya wurin famfon kaɗa ruwa domin wani murjani da ke gefe. Ban san cewa na juya igiyar ruwan ta riƙa dukan anemonin kai tsaye ba. Da asuba na tarar da ruwa ya gurɓace, rabin jikinsa a cikin famfon, guntayen yatsunsa suna yawo ko'ina, kifaye biyu sun riga sun mutu. Ragar da za ta hana wannan ba ta kai kuɗin abincin kifi na wata ɗaya ba.

Don haka kafin anemoni ya shigo, bi tankin da ido ka lissafa duk wata kafa da ke jan ruwa. Famfunan kaɗa ruwa, ka sa musu rigar raga ko ta soso da aka yi domin su. Bakin da ruwa ke malalawa zuwa matatar ƙasa, wato ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban, ka sa masa raga mai ƙananan idanu, domin anemoni yana iya tsukewa ya bi ta ramin da ba ka zata ba, ko ya toshe shi ruwa ya yi ambaliya. Bututun da ke jan ruwa zuwa matata, ka sa masa soso a baki. Hita kuma, in da hali ka mayar da ita can matatar ƙasa. In dole ta zauna a cikin tankin, ka sa mata garkuwar roba, domin anemoni yana iya mannewa a jikinta tana kashe, ta kunna ta ƙona masa ƙafa.

Gargaɗi: soso da raga suna toshewa da datti, ƙarfin famfo ya ragu. Ka riƙa wanke su duk mako. Kada ka cire su da sunan anemoni ya riga ya zauna. Zamansa ba alkawari ba ne.

Mataki na 4: Haske da motsin ruwa

Fitila ita ce kayan da ya fi cin kuɗi a wannan aiki, kuma ba wurin tsimi ba ne. Fitilar da aka yi domin kifi kaɗai ba za ta riƙe anemoni ba. Kana bukatar fitilar murjani ta gaske, wadda za ta kai ƙarfin haske kusan 200 zuwa 300 a ma'aunin PAR a daidai inda anemonin zai zauna, tana ci awa 8 zuwa 10 a rana, da agogon da ke kunnawa da kashewa a lokaci ɗaya kullum. Ido ba ya iya auna wannan ƙarfin. Fitila mai shuɗi takan yi duhu a ido alhali ƙarfinta ya yi yawa. In ka samu aron ma'aunin PAR ko na yini guda ne, ka auna wurare da dama ka rubuta.

Motsin ruwa kuwa, matsakaici ake so, mai zuwa daga ɓangarori daban-daban. Ka kalli yatsun: su riƙa rangaji a hankali, nan da can. In sun kwanta gefe guda kamar ciyawa a guguwa, ruwan ya yi ƙarfi.

Mataki na 5: Zaɓen nau'i

A cikin nau'o'in anemoni fiye da 1,000 da ke duniya, kusan 10 ne kacal suke karɓar kifin kilawun, ɗan kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari da ke kwana a tsakiyar yatsunsu. A cikin goman nan ma, ɗaya ne nake ce wa mai farawa ya saya: Entacmaea quadricolor, mai yatsun da ke kumbura a ƙarshe kamar kwalba. Ya fi sauran juriya, yana zama a jikin dutse, girmansa yakan kai santimita 30, kuma yana rabewa gida biyu a cikin tanki. Wannan rabewar tana nufin za ka iya samun wanda aka haifa a tanki, ba wanda aka ɓamɓaro daga teku ba. Irin wannan ya saba da fitila da ruwan gishirin da ake haɗawa, bai sha wahalar doguwar tafiya ba. Ko ya ɗan fi tsada, shi za ka saya.

Macrodactyla doreensis, mai dogayen yatsu, yana binne ƙafarsa a yashi, don haka sai tanki mai yashi mai zurfi, santimita 10 ko fiye. Heteractis magnifica kyakkyawa ne ƙwarai, amma yana son haske da igiyar ruwa masu tsanani, kuma yakan zo da rauni daga jigila. Nau'o'in Stichodactyla, masu faɗi kamar darduma, harbinsu yana da ƙarfi, suna kama kifin tanki su haɗiye, kuma suna girma fiye da yadda ƙaramin tanki zai ɗauka. Waɗannan ka bar su sai ka yi shekaru a harkar. Condylactis gigantea yana da araha, amma daga tekun Karibiyan yake, inda babu kifin kilawun, ga shi da yawan yawo.

In kifin kilawun bai dame ka ba, akwai ɗan ƙaramin Phymanthus crucifer mai launuka iri-iri, wanda ba kasafai yake barin wurinsa ba.

Mataki na 6: Duba lafiyarsa kafin ka biya

Tsaya gaban tankin mai sayarwa ka kalli abu huɗu. Baki ya kasance a tsuke. Bakin da ya wangale, ko kayan ciki suka leƙo waje, alamar ciwo ce mai tsanani. Ƙafa ta kasance a manne gam, ba tsaga, ba yagewa. Launi ya kasance mai kauri. Anemoni fari tas ko wanda kake hango haske ta jikinsa ya rasa ƙwayoyin gansakukarsa, yunwa yake ji, duk da cewa farin yana ɗaukar ido. Ka kuma yi hattara da Heteractis crispa mai launin ruwan ɗorawa mai ƙyalli, domin akan rina koɗaɗɗe don ya sayu. Na huɗu, ka roƙi a ba shi ɗan abinci a gabanka. Yatsun lafiyayye suna da danƙo, suna cafke abinci nan take.

Gargaɗi: ka sa ido lokacin da ake cire shi. In aka fizge shi daga dutse ƙafar ta yage, sau da yawa ba ya tashi. In a kan ƙaramin dutse yake, ka saya har da dutsen.

Mataki na 7: Shigar da shi

Ajiye ledar a rufe a saman ruwan tankin minti 15 zuwa 20, zafin ya daidaita. Sannan ka juye shi da ruwansa a bokiti mai tsabta wanda sabulu bai taɓa shiga ba. Ɗauki siririn tiyon iska, ka ɗaure shi ƙulli sako-sako, ka ja ruwan tankin ya riƙa ɗiga cikin bokitin, ɗigo biyu zuwa huɗu a daƙiƙa. Bayan minti 45 zuwa awa ɗaya, ruwan bokitin ya ninka sau biyu ko uku, ka auna gishirin ɓangarorin biyu ka ga sun yi daidai.

Sa safar hannu ta roba. Harbin Entacmaea ba ya yi wa yawancin mutane komai sai ɗan ƙaiƙayi, amma akwai waɗanda fatarsu ke kumbura, kuma kada hannun ya kusanci ido. Kashe famfunan kaɗa ruwa. Tallabo anemonin daga ƙasa da tafin hannu, ka kai shi wani rami ko tsaga a dutse, a tsakiyar tsayin tankin, inda ƙafarsa za ta shige inuwa, fuskarsa ta kalli haske. Haka yake so. Ruwan bokitin kuma ka zubar, kada ya shiga tanki.

Ba shi minti 30 zuwa awa ɗaya ya manne, sannan ka kunna famfo a ƙaramin ƙarfi. Rage fitila zuwa kusan rabi, ka riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu zuwa uku.

Gargaɗi: kada ka taɓa manna anemoni da gam ko ka ɗaure shi, yadda ake yi wa murjani. Kuma ka matsar da murjanai nesa, aƙalla tazarar tafin hannu biyu ta kowane gefe, domin duk wanda yatsunsa suka shafa zai ƙone.

Mataki na 8: Makonnin farko

Zai yi yawo, ka bar shi. Wataƙila ya shige bayan dutse ka kwana uku ba ka gan shi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙa zaƙulo shi ana mayar da shi inda mai tanki ke so. Duk taɓawa wahala ce a gare shi, kuma gobe zai sake tashi. Murjanin da ke kan hanyarsa shi za ka ɗauke.

In dole sai an cire shi, misali ya nufi wuri mai haɗari, ka juya igiyar ruwa ta riƙa dukan ƙafarsa har ya saki da kansa, ko ka sa ƙanƙara a leda ka ɗora a gefen ƙafar. In a jikin gilashi yake, ka tura gefen katin roba ƙarƙashin ƙafar a hankali, kaɗan-kaɗan.

Wani abin da ke tsorata sababbin masu kiwo: wata rana za ka tarar ya saɓe gaba ɗaya, yatsun sun zama kamar zare, wani abu mai yauƙi ruwan ƙasa yana fita daga bakinsa. Kashi yake yi yana kuma sauya ruwan jikinsa. Cikin 'yan awoyi zai sake kumbura. Abin damuwa shi ne in ya wuce yini guda a haka, ko yana maimaitawa kullum, ko bakin ya ƙi rufuwa.

Mataki na 9: Ciyarwa

Makon farko kada ka ba shi komai. Bayan nan, sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Ɗanyen jatan lande na teku da aka yayyanka, ko ƙananan jatan landen maisis da ake sayarwa a daskare, ko ɗan naman kifin teku. Narkar da shi a ruwan tanki, ka ɗauka da dogon hantsaki, ka ɗora a kan yatsun kusa da baki. Kada ka tura cikin bakin, shi zai kai da kansa.

Gargaɗi: yankan kada ya wuce girman ƙwayar wake. Babban yanka yakan haɗiye shi, cikin dare ya amayar da shi a ruɓe, ruwa ya ɓaci. In kana da jatan lande masu rai a tankin, ka ba su nasu tukuna, in ba haka ba za su shiga har bakinsa su ƙwace.

Anemonin da ya koɗe shi ne ke bukatar ciyarwa a kai a kai, ƙanana ƙanana duk bayan kwana biyu ko uku, da haske mai sauƙi, har launin ya dawo. Wannan yakan ɗauki watanni. Wanda ya rabu gida biyu kuwa, a dakata masa sai bakin kowane ɓangare ya haɗe.

Mataki na 10: Abokan zama

Kifayen malam-buɗe-littafi, manyan kifayen enjel, da kifayen teku masu kumbura irin talibamban suna cizgar yatsun anemoni. Kada ka haɗa su.

Kifin kilawun kuma ba dole ba ne. Anemoni yana rayuwa lafiya ba shi, shi ma kifin haka. Amphiprion ocellaris, nau'in kilawun da ya fi yawa a kasuwa, a teku ba Entacmaea ne gidansa ba, don haka yana iya shiga cikin kwana biyu, yana iya share shekara bai kula shi ba. Amphiprion frenatus da Amphiprion clarkii sun fi saurin shiga. Jan kilawun mai ƙaya a kumatu shi ma gidansa ne na asali, amma macen tana girma tana da ƙarfi, takan wahalar da ƙaramin anemoni da gogayya har ya kasa buɗewa. Ka bari anemonin ya yi wata guda da zama, kuma faɗinsa ya ninka tsawon kifin sau biyu ko uku. Kada ka kulle kifi da anemoni a ƙaramin kwando don tilasta su, kifin da bai saba ba harbi zai sha.

Mataki na 11: Hidimar kullum da ranar gaggawa

Canza kashi 10 cikin 100 na ruwa duk mako, da ruwan da aka haɗa tun jiya, zafinsa da gishirinsa daidai da na tanki. Kuɗin da ke fita a kai a kai su ne gishiri, kayan gwajin ruwa, matatun RO/DI, gawayin tace ruwa, da wutar fitila da hita. Ka tanadi ɗan famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta. Ka kuma ajiye ruwan gishiri haɗaɗɗe, kwatankwacin rubu'in tankin, a rufe a gefe.

Ga amfanin wannan ruwan. Ranar da ka ga anemoni ya saki dutse yana gangarawa, baki a wangale, nama yana zagwanyewa, ka ɗago shi a cikin kofi ka sansana. Lafiyayye ƙamshin teku yake yi. Wanda ya mutu warinsa ba ya ɓoyuwa. In ya mutu, kada ka ɗauke shi da raga, zai wargaje. Kashe famfuna, ka sa kofi ko leda ka kwashe shi a cikin ruwan, ka zuƙe ragowar da tiyo. Nan take ka canza kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan, ka sa sabon gawayi, ka ƙara ƙarfin na'urar da ke kwashe dattin ruwa ta hanyar kumfa sosai, ka ƙara iska. Haka za ka yi in famfo ya markaɗa shi, sai dai in ƙafa da baki sun tsira, ka kashe famfon ka bar shi ya zare jikinsa da kansa, ka sa shi a kwandon raga a wuri mai sanyin igiya, domin Entacmaea yakan warke daga irin wannan rauni. Sannan ka riƙa auna amoniya safe da yamma har kwana uku, in ta motsa daga sifili ka sake canza ruwa.